Isiyaku da Minti Goma Sha Huɗu

Ranar Litinin ta ƙarshe a watan Oktoba, saura kwana uku a yi taro, Isiyaku ya hau rufin benen da yake haya a unguwar Bin Mahmud da asturlabinsa a cikin jakar fata, don ya gwada yadda zai nuna shi a gaban jama'a.

Shekararsa uku a Doha yana digiri na uku a tarihin kimiyya. Bincikensa a kan masu kula da lokutan salla ne a manyan masallatan Dimashƙa da Alƙahira a ƙarni na goma sha huɗu, mutanen da sana'arsu ita ce su dubi rana su gaya wa ladan lokaci ya yi. Tallafin karatunsa zai ƙare a Disamba, takardar zamansa kuma a jikin tallafin take. Ranar Alhamis kwamitin mutum uku zai zauna a sahun gaba ya saurari maƙalarsa, sannan ya yanke ko a ƙara masa shekara guda, ko ya koma Kano da rabin kundi.

Asturlabi abin awo ne na tagulla, faɗinsa kamar faranti. A bayansa akwai 'yar sanda mai huda biyu. Mutum zai rataye shi a yatsa, ya juya sandar har hasken rana ya shiga huda ta farko ya faɗa ta biyu, sai ya karanta tsayin rana a sama. A gabansa kuma akwai raga mai juyawa a kan wani faifai da aka zana wa layuka. In aka kai alamar rana kan layin tsayinta, lokaci zai fito. Da shi aka yi aiki daga Isfahan har Andalus, har ya shiga hannun Turawa, tun agogo bai zama abin dogaro ba. Tsofaffin suna cikin gilashi a gidan adana kayan tarihi na bakin teku, ana kallonsu hannu a baya. Na Isiyaku sabo ne. Malam Sabo ne ya ƙera masa a Kano, wani dattijon maƙerin fari da ya fi sabawa da awarwaro da zobba, bisa zanen da Isiyaku ya ciro layi bayan layi daga wani rubutun hannu na wancan zamani. A hutun ƙaramar Salla ya karɓo shi. Ya haɗa shi da hannunsa a tsakar gidan mahaifinsa, ya soka ƙusar da ke riƙe ragar da faifan, ya auna rana sau ɗaya a gaban dangi, ladan ya kira la'asar a daidai lokacin da ya karanta, kowa ya ce Masha Allah. Daga nan ya kafa doka: ba mai cire ƙusar nan.

Da ya dawo Doha, ya yi kwana sittin da uku, daga Mayu zuwa Yuli, yana hawa rufi kowace la'asar. Duk wanda ya san Doha a waɗannan watanni ya san ba a hawa rufi sai da dalili mai ƙarfi. Tagullar kan ɗauki zafi har sai ya riƙe ta da tsumma. Matarsa Murja takan raɓe a inuwar tankin ruwa da littafi da biro, shi yana awo yana faɗa, ita tana rubutawa. Abin da ya fito ya ba shi mamaki a makon farko, ya faranta masa a na biyu: asturlabin yana bayan agogo. Da minti bakwai aka fara, aka kai goma, a tsakiyar Yuni aka kai goma sha huɗu. Ba rana ɗaya da ya cimma agogo.

Isiyaku ya fahimci cewa ya kama magabata da kuskure. Ya rubuta shafi arba'in yana nuna cewa hanyar zane da rubutun ya koyar tana da aibi, kuma duk garin da ya dogara da ita ya yi ta jinkirta la'asar shekara da shekaru ba tare da sani ba. Ya yi musu uzuri cikin ladabi a sakin layi biyu, irin uzurin da babba kan yi wa na ƙasa da shi. Ya sa wa maƙalar suna "Minti goma sha huɗu da magabata suka ɓatar". A zaman da ɗaliban Najeriya kan yi bayan Juma'a ya ba da labarin har sau huɗu, har suka fara kiransa Mai Gyaran Magabata, shi kuma yana amsawa. Farfesar da ke duba aikinsa, wata dattijuwa 'yar Tunis da ba ta ɓata kalma, ta aiko masa da layi ɗaya daga wurin hutunta, tana tambaya ko ya tabbata da kayan awonsa. Ya mayar mata da shafi uku.

Ban da ita, mutum ɗaya ne ya yi wannan tambayar. Jonah, maƙwabcinsu na hawan ƙasa, mutumin Pankshin ne, aikinsa saita ma'aunai da na'urorin gwajin jini a wani asibiti. Wata rana a Yuni ya hau duba injin sanyaya ɗakinsa, ya tarar da su, ya tsaya kallo, sannan ya tambayi yaushe rabon da a saita abin. Isiyaku ya yi masa bayani na rabin awa cewa wannan ba sikelin asibiti ba ne, tunanin mutane ne na shekara ɗari bakwai da aka zuba a tagulla. Jonah ya ce to, ya sauka da gumi.

Shi ya sa a wannan Litinin ɗin Isiyaku ya gayyato shi musamman, don ya ga ƙarshen magana. Ya zaunar da shi da Murja a kan kujerun roba biyu a matsayin kwamiti. Rabonsa da hawa rufin tun Yuli. Watanni ukun nan a ɗaki ya yi su yana rubutu. Iska ta yi sauƙi, rana ta karkata kudu. Ya yi gyaran murya, ya gaishe da manyan baƙi, ya ce yanzu za su ga da idonsu yadda abin ke zama a baya. Ya auna, ya juya raga, ya karanta lokaci da ƙarfi. Jonah ya dubi wayarsa, ya sake duba, ya miƙa wa Murja.

Asturlabin yana gaban agogo da minti ashirin da takwas.

Isiyaku ya ce hannunsa ne ya motsa. Ya sake. Ya ce iska ce. Ya sake, wannan karon ya juya wa iskar baya. Minti ashirin da tara.

"Malam, ina ga mutanen nan sun ji ana zaginsu," in ji Jonah. "Shi ne suka ƙara sauri."

Ba wanda ya yi dariya sai shi. Murja ta ce, a hankali, ko za a buɗe a duba ciki. Isiyaku ya buɗe baki zai tuna mata doka, sai ya rufe. Wani abu ya taso masa daga babi na biyu na kundinsa, babin da ya fi alfahari da shi. Shafi goma sha ɗaya ya rubuta a can yana bayanin cewa sama ba ɗaya take a kowane gari ba, don haka kowane gari da faifansa; cewa ɗan kasuwar da ya tashi daga Alƙahira zuwa Dimashƙa, abu na farko da yake yi in ya sauke kaya shi ne ya cire ƙusa ya sauya faifai; cewa wannan abu ne da ko almajirin sana'ar na makon farko ya sani. Shi da kansa ya sa Malam Sabo ya yi wa faifan fuska biyu.

Ya zauna a ƙasa, ya zare ƙusar, ya ɗaga ragar. A gefen hudar tsakiya, inda ragar ke rufewa, Malam Sabo ya sassaƙa da ajami, ƙanana: Kano, goma sha biyu, wato sunan gari da lambar matsayinsa a doron ƙasa. Ya juya faifan. Doha, ashirin da biyar. Wannan fuskar tana ta ƙyalli, ko yatsa bai taɓa ta ba.

Wato kwana sittin da uku ya yi yana auna ranar Doha da saman Kano. A lokacin zafi bambancin bai da yawa, shi ya sa ya yi kama da binciken ilimi. Da rana ta karkata kudu, sai ya fito da girmansa.

Jonah ya ce shi dai bai ce komai ba. Murja ta ce a filin jirgi ya sauya layin waya, ya sauya agogo, da suka shiga gida ya nuna mata alƙibla ta koma yamma, har ya yi mata tarihin dalilin. Wannan ne kawai ya bari a gida. Ta faɗi haka ba da fushi ba, kamar mai lissafa kayan da aka manta a mota.

Da safiyar Talata ya kira Malam Sabo. Yana fatan a samu ko ɗan laifi a wajen maƙeri: rubutun ya yi ƙanƙanta, ko an ɓoye shi, ko ba a yi masa bayani ba. Bayan gaisuwa mai tsawo da tambayar iyali da zafin ƙasar Larabawa, dattijon ya saurare shi har ƙarshe, ana jin ƙarar guduma a bayansa.

"Ai na faɗa maka ranar da ka zo karɓa, ɗana. Na ce in ka isa ka juya. Ka ce mini kai ka rubuta littafi a kan haka."

Isiyaku ya tuna. Haka ya ce, har da murmushi.

Ya ajiye wayar ya fara tunanin da bai taɓa zaton zai yi ba. Zauren taron a rufe yake, ba taga, ba rana. Ba dole ya auna komai ba. Zai iya ɗaga asturlabin a gani, ya mayar jaka. Lambobin Mayu zuwa Yuli suna nan a jere, sun yi kyau, sun hau sun sauka kamar gaske. A duk Doha mutum uku ne suka san abin da ke ƙarƙashin raga, biyu a gidansa suke kwana, na ukun kuma ba ya zuwa taron masana tarihi. In an ƙara masa shekarar, zai iya gano kuskuren da kansa a watan Maris, ya gyara cikin mutunci. Ya lura cewa kalmar mutunci tana yawan zuwa masa tun jiya.

In kuwa ya faɗi gaskiya, me zai riƙe a hannu? A kwamfutarsa lokutan da ya karanta kawai ya shigar, kuma duk na faifan Kano ne. Ba za a iya dawo da ranar Yuni a sake aunawa ba.

Da ya faɗa wa Murja wannan na ƙarshen, sai ta tashi ta ɗauko littafin daga saman firji. Kafin su zo Doha ta yi shekara shida tana rubuta katin marasa lafiya a wani asibiti a Kano, inda aka koya mata cewa abin da aka faɗa a rubuta, ba a zaɓa. Isiyaku ya ce mata lokaci kawai za ta riƙa rubutawa. Ita kuwa duk abin da ya fito daga bakinsa a rufin nan ta rubuta. Yana da ɗabi'ar faɗin tsayin rana da ƙarfi kafin ya juya raga, don haka tsayin yana nan, kwana sittin da uku, kowanne da kwanan wata da lokacin agogo. A gefe kuma akwai sauran. Sha biyu ga Yuni: tsayi arba'in da huɗu da rabi, ya ce tarihi zai tuna da wannan rufin. Ashirin ga Yuni: ya ce Allah ya jiƙansu, sun yi iya ƙoƙarinsu. Uku ga Yuli: ya ce Jonah ba zai gane ba.

Ya karanta shafi biyu, ya nemi ta riƙa karanto masa lambobin kawai.

Suka share teburin cin abinci. Ita tana faɗin kwanan wata da tsayi, shi yana juya raga a kan fuskar Doha. Sun yi Talata da Laraba a haka, ba su je kasuwar Abu Hamour sayen kayan miya ba kamar yadda suka saba, suka ci taliya sau huɗu. Da aka kai rana ta sittin da uku, abin ya fito fili: asturlabin bai taɓa saɓa wa agogo da fiye da minti biyu ba, yawancin ranakun ma minti ɗaya. Mutanen ƙarni na goma sha huɗu sun san aikinsu. Malam Sabo ya san nasa. A cikin duk waɗanda suka sa hannu a lamarin, daga marubucin Dimashƙa har mai riƙe biro a inuwar tanki, mutum ɗaya ne ya yi kuskure, kuma shi ne mai neman digiri.

Yanzu yana da maƙala biyu. Ta farko tana da suna mai jan hankali, an riga an buga shi a jadawalin taro. Ta biyu shafi tara ce, abin da take cewa kawai shi ne matattu sun yi daidai. Ya buga duka biyun ya sa a jaka. Murja ta gani, ta ɗauke littafinta ta sa a tata jakar.

Ranar Alhamis da safe suka haɗu da Jonah a bakin lif, yana dawowa daga aiki. Ya ga fuskar Isiyaku, ya so ya kwantar masa da hankali. Ya ce kada ya damu kansa. Ya ce su a asibiti in mutum ya sa hannu a kan sikelin da bai daidaita ba, jariri ne zai sha maganin da ya fi ƙarfinsa, shi ya sa ba sa wasa.

"Amma naka, Malam, ai da sauƙi. Mutanenka duk sun mutu. Ko ka ce minti ɗari ne, wa zai cutu? Yalla, je ka karanta abinka."

Isiyaku ya yi godiya. Suka hau tasi zuwa wurin taron. An sha gaya masa abubuwa a kan karatunsa. Kawunsa ya taɓa tambayarsa ko ana ɗaukar masu irin wannan digirin aiki. Amma ba a taɓa gaya masa cikin ƙauna cewa aikinsa bai kai a yi ƙarya a cikinsa a cutar da kowa ba. Daga baya, in yana ba da labarin, yakan so ya ce tsoron Allah ne ya sa ya ciro maƙala ta biyu. Akwai shi a ciki. Amma ya san mafi yawa haushin Jonah ne.

Mutum kamar talatin ne a zauren. Shugaban zaman ya karanto sunan maƙalar kamar yadda aka buga, wasu suka gyara zama. Isiyaku ya tashi ya ce sunan yana nan daram, gyara ɗaya ne: ba magabata suka ɓatar da mintocin ba. Ya zare ƙusar a gabansu, ya ɗaga faifan, ya nuna fuska ɗaya, ya nuna ɗayar. Ya karanta musu sakin layi guda daga babinsa na biyu, wanda ke cewa ko almajirin makon farko ya san wannan. Wani a baya ya yi dariya, ya mayar da ita tari. Sannan ya bi lambobin ɗaya bayan ɗaya, na faifan Kano da na faifan Doha a jere. Ya gama cikin minti goma sha takwas, shi da bai taɓa gama magana kafin a ɗaga masa takarda ba.

Wani ɗan kwamitin, masanin taswirorin Bahar Rum, ya tambaya ta yaya za a yarda da lambobi na biyu daga mutumin da ya kawo na farko. Isiyaku ya ce ba shi ya rubuta su ba. Murja ta miƙo littafin daga sahu na huɗu. Ya zaga hannun 'yan kwamitin uku, har da Farfesarsa. Ba su jin Hausa, amma lambobi lambobi ne, kuma Farfesa ta sa yatsa a kan rubutun gefe ta tambayi me wannan ke cewa. Isiyaku ya fassara mata na sha biyu ga Yuni. Ta dube shi ta saman tabarau, ta ce a ci gaba.

Wasiƙar ta zo bayan kwana tara. Ba shekara aka ba shi ba, wata shida ne. Sharuɗɗa uku: ya sake awon a lokacin sanyi da fuskokin faifan biyu, don a ga iyakar ɓatan da matafiyin da ya manta zai yi a kowane wata, abin da Farfesa ta ce ba ta san wanda ya taɓa aunawa da jikinsa ba, a sa hoton littafin Murja a ƙarshen kundin yadda yake, ba a goge komai ba, kuma ya zo ajinta na 'yan shekarar farko ya maimaita abin da ya yi da ƙusar. A ƙasa ta ƙara da hannunta cewa amsar tambayarta ta watan Yuli kalma ɗaya ce, ba shafi uku ba.

Wata shida ba za su isa yadda ya so ba. Zai yanke babi guda, wanda ya yi niyyar kwatanta Dimashƙa da Andalus a cikinsa, kuma ba za su je gida da babbar Salla ba. A zaman bayan Juma'a an daina kiransa Mai Gyaran Magabata. Sunan da ya maye gurbinsa Sha Huɗu ne, kuma da alama shi zai bi shi har Kano.

Ranar da ya koma rufi don fara awon sanyi, ya tarar da wata 'yar farar takarda manne a jikin jakar fatar, irin wadda ake liƙa wa na'urorin asibiti. An cike ta da biro, da rubutun Jonah: ranar da aka saita, sunan wanda ya duba, da ranar da za a sake dubawa. Isiyaku ya sa farce zai ɓare ta, ya ga za ta ɓata fatar, ya bar ta. Murja ta buɗe sabon shafi ta rubuta kwanan wata, ta tambaye shi wace fuska ce a sama.

Ya ce Doha. Ta ce ya duba.

Ya zare ƙusar ya duba.